Yadda Ake Rubuta Labarin Tarihi Daga Zane Ɗaya da Daren Rawa Ɗaya

Labarin tarihi na farko da na rubuta, na ɗauke shi na kai wa wata gwaggon mahaifina a cikin birnin Kano, na karanta mata babi biyu ina jiran yabo. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai yarinyar taka 'yar yau ce. Wa ya ɗinka mata riga da siket a zamanin Sarki Alu? Da keken wa?" Da na koma na duba, ashe na ɗaura wa budurwar ƙauye leshi, na sa saurayi ya yi mata liƙi da takardar kuɗi, na kuma sa mahaifinta, malami mai almajirai, ya shiga fili ya taka rawa. Kuskure uku a shafi ɗaya. Tun daga ranar na sauya hanya, kuma hanyar da na zauna a kanta ce zan shimfiɗa maka a nan.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. A ƙasar Hausa ta da, sutura da rawa su ne ke faɗin ko kai wane ne tun ba ka buɗe baki ba: sana'arka, arzikinka, ko kana da aure, ko kana da sarauta. Don haka labari yana nan kwance a duk inda wani ya sa abin da ba nasa ba, ko ya taka rawar da ba ta gidansu ba. Wanda ya ɗauki tufafi a matsayin ado kawai, zai cika shafi da jerin sunayen riguna, mai karatu ya tsallake.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu biyu, ko fayil biyu a waya. A bangon na farko ka rubuta "abin da na tabbatar", a na biyu "abin da na ƙirƙira". Kada ka taɓa haɗa su wuri ɗaya, domin bayan wata uku kai da kanka ba za ka iya tuna wanne ka ji daga bakin tsohuwa, wanne ka ƙaga kana kwance ba.

Waya mai ɗaukar murya, cike da caji. Goro, da ɗan turare ko sabulu, na gaisuwar tsofaffin da za ka je wurinsu. Babbar takarda wadda za ka ja layin shekaru a kanta ka manna a bango.

Ƙyalle na gaske. Ka shiga Kasuwar Kurmi ko marinar Ƙofar Mata ka sayi ko da ɗan guntun saƙi ne ko baƙin rini, ka ajiye shi kusa da inda kake rubutu. Nauyinsa, kaushinsa da warin shunin da ke jikinsa ba a samun su a hoto.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934. Yana nan a intanet, kuma cike yake da sunayen riguna, saƙa, kitso da kiɗe-kiɗe da suka fita daga bakin mutane. In ka ga kalma a ciki, ka san aƙalla ana faɗinta kafin wannan shekarar.

Wanda ke kusa da Kano ya leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama yana da sashen tufafin gargajiya. In duk sun yi maka nisa, adakar kakarka ma gidan tarihi ce. Ka roƙa a buɗe maka.

1. Ka kafa shekara da gari

"A zamanin da" ba shekara ba ce. Ita ce ƙofar da duk kurakurai ke shigowa ta cikinta. Ka zaɓi shekara ɗaya, da lokaci ɗaya a cikin shekarar, da gari ɗaya.

Misalin da zan yi ta komawa gare shi: garin Kura, kudu da Kano a hanyar Zariya, da kaka, a 1912. Na zaɓi wannan ne saboda abubuwa biyu na tafiya tare a lokacin. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sarki Abbas ne a kan gado, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya fara jan hankalin manoma. Amma har yanzu ana ƙirga wuri a matsayin kuɗi a kasuwannin ƙauye, ga kuma anini da kwabo masu huda sun fara yawo, har yanzu Buzaye na zuwa sayen baƙin zanen Kura. Irin wannan lokaci da tsoho bai tafi ba, sabo bai gama zama ba, shi ya fi ba marubuci abin faɗi.

A takardar bango ka ja layi, ka sa shekararka a tsakiya. Hagu ka jera abin da ya riga ya faru, wanda dattawan labarinka za su riƙa tunawa, kamar Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895. Dama ka jera abin da bai zo ba tukuna, wanda haramun ne ya bayyana: takardar kuɗi, naira (sai 1973), rediyo, leshi, keken ɗinki a ƙauye.

Sai dai kada ka wuce gona da iri ka ɗauka babu kayan waje sam. Barth, Bajamushen da ya zauna a Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester, da alharini, da duwatsun ado, da allurai a kasuwa, duk an ratso Sahara da su. Tambayar da za ka yi ita ce wa ke da halin sayensu. Matar attajirin Dala tana iya mallakar abin da 'yar mabugi, mai sana'ar bugun zane, ba ta taɓa taɓawa ba.

2. Ka zaɓi sutura ɗaya, ka bi ta daga gona har jiki

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke gaggawa. Sutura ɗaya tak. Ni na ɗauki turkuɗi, baƙin zanen nan mai ƙyalli da Kura ta yi suna da shi, shi da rawanin da ake kira ɗan Kura.

Ka rubuta hannayen da zanen ya bi. Manomi ya shuka auduga. Mata a cikin gida suka gurje ta suka fitar da angurya, suka shiɓe ta, suka kaɗa zare da mazari, suna dangwalar alli don kada yatsa ya yi santsi. Masaƙi ya saƙa ta siri-siri, domin turkuɗi ƙananan layuka ne ƙwarai ake harhaɗawa. Maɗinki ya haɗa layukan da allura. Marini ya tsoma a rijiyar rini wadda aka haɗa da baba da toka, ya ɗago ya bar iska ta buga, ya sake tsomawa, haka haka har zanen ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, inda ake ninke shi a kan gungume, a barbaɗa masa garin shuni, maza su yi ta dukansa da manyan sandunan bugu har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Sai dillali, sai fatke, sai raƙumi zuwa Agadas. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla. Ka ga ashe zanen ba abin wasa ba ne, dukiya ce.

Kowane hannu a jerin nan mutum ne da zai iya shiga labarinka, kuma kowanne yana bin wani bashi. Ka zaɓi ɗaya. Ni na ɗauki mabugi, na sa masa suna Tanko, na ba shi 'ya budurwa, Delu.

Yanzu ka yi wa suturar tambayoyi huɗu. Wa ya halatta ya sa ta? Nawa take ci? Me ke lalata ta? Wace alama take bari? Amsar ta ƙarshe ce ta ba ni labarina gaba ɗaya. Baƙin rinin da aka buge yana zuba, yana rina fatar wanda ya sa shi, shi ya sa ake ganin shuɗi a fuskokin Buzaye. Ruwa da gumi kuma suna kashe ƙyallinsa. Wato zane ne da ba ya rufa wa kowa asiri.

In turkuɗi bai yi maka ba, ga babbar riga mai aska takwas da ake shafe watanni ana yi mata aiki da zaren tsamiya, ga alkyabba wadda sai an naɗa mutum, ga walkin fata na maƙeri ko mafarauci. Ga ma malfa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta riƙa naɗa wa jajojinta, shugabannin 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatun addini a wurinta, malfa da jan ƙyalle, alhali a da malfa alamar Innar Gobir ce, shugabar bori. Hula ɗaya, ma'ana biyu. Marubuci mai ido zai iya fitar da littafi sukutum daga wannan.

3. Ka zaɓi rawa, ka san masu ita

Kiɗa a da yana da iyayen gida. Kalangu na mahauta ne, kuma shi ake kaɗa wa 'yan mata a dandali. Dundufa ta maƙera. Gangar noma ta manoma a wurin gayya. 'Yan tauri da nasu kiɗan. Matan aure da ke cikin kulle ba sa fita dandali, nasu a tsakar gida ne ranar biki ko suna, da kiɗan ƙwarya da shantu. Tambari da kakaki na fada ne. Sarki, alƙali da malami ba sa taka rawa a bainar jama'a, in kuwa ka sa ɗayansu ya taka, to ya zama shi ne babban abin da ya faru a littafin, garin kuma ya kwana yana zancensa.

Gargaɗi: rawar da kake gani a bidiyon bukukuwan al'adu an tsara ta ne don dandamali. An jera masu rawa sahu-sahu, an ɗinka musu kaya iri ɗaya, suna fuskantar manyan baƙi. Dandalin ƙauye ba haka yake ba. Da'ira ce, ana shiga ana fita, kowa da zanen da Allah ya hore masa, babu fitila sai farin wata. Ka kalli bidiyon don ka ga yadda ƙafa da kafaɗa ke motsi, amma kada ka kwashi tsarin ka kai 1912.

4. Ka je wurin tsofaffi

Ba za ka sami wanda ya ga 1912 ba. Abin da za ka samu shi ne wadda kakarta ta gani ta ba ta labari, da wadda ta yi 'yammatancinta a lokacin da dandali bai mutu ba. Wannan ya isa, muddin ka rubuta a littafinka na farko cewa ji ta yi, ba gani ba.

Kada ka ce, "Iya, ba ni tarihin suturar Hausawa." Za ta ce maka ita ba ta yi boko ba. Ka gaisa sosai, ka ajiye goronka, ka nemi izinin ɗaukar murya, sannan ka tambayi ƙaramin abu: "Iya, da wane zane aka kai ki ɗaki?" "Wa ya yi miki kitson ranar?" "In makaɗi ya kira takenki, ya kike ji?" Daga nan bakinta zai buɗe, ka ji zancen doka, da jigida, da murjani, da fure da goro a haƙora, da shunin da ake shafa wa kitso. In kakarka ce, ka yi amfani da wasan jika da kaka, ka tsokane ta cewa ai ka ji ba ta iya rawa ba. Ni da wannan tsokanar na sa wata tsohuwa ta miƙe da sandarta ta gwada mini taku uku, jikokinta na ta shewa.

In namiji ne kai kuma gidan ba a shiga, ka tura ƙanwarka ko matarka da tambayoyin a rubuce. Sau da yawa ma abin da za su samo ya fi naka, domin akwai zancen da tsohuwa ba za ta yi a gaban namiji ba.

5. Ka ƙulla rikicin a jikin suturar

Ka rubuta labarin gaba ɗaya a layi biyar kafin ka fara babi na ɗaya. Ga nawa. Wani fatke daga Agadas ya ba da aikin turkuɗi, ya biya rabin kuɗi, ayari zai tashi bayan kwana uku. An gama bugu, zanen na ɗakin Tanko a ninke. Daren nan akwai kalangu a dandali, kuma wadda Delu ke kishi da ita ta yi sabon zane. Delu ta ɗauka ta ɗaura, da niyyar mayarwa kafin asuba. Da gari ya waye ƙyallin ya dushe inda gumi ya taɓa, wuyanta da damtsenta sun yi shuɗi, haka ma tafin hannun wani saurayi da bai kamata a ce ya matso kusa da ita ba.

Gwajin da nake yi shi ne in cire zanen in gani. In labarin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da shi ba, to zanen ado ne, sai in sake ƙulli. A nan in ka cire turkuɗi babu bashi, babu shaida, babu abin kunya.

6. Ka rubuta daren rawar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa motsi: ta ɗaga hannun dama, ta juya hagu, ta durƙusa. Wannan darasin motsa jiki ne. Ka shiga idon mutum ɗaya, ka tsaya a nan. Ka ba mai karatu sauti ɗaya, gaɓa ɗaya ta jiki, da abin da mai rawar ke tsoro ko take nema. In kiɗa ya yi sauri, jimlolinka su gajarce. Ga yadda na yi nawa:

*Kalangu ya sauya murya. Tun kafin makaɗin ya ɗago ya dube ta, Delu ta gane takenta ne. Ta shigo fili a hankali, zanen na ƙara kamar busasshen ganye, wata na zamewa a kansa. Shewar 'yan mata ta tsaya cak. Wata daga baya ta ce, "Wannan ai na Buzaye ne." Ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Makaɗin ya matse kalangun a hammata, ya matso. Ta ba shi kafaɗa. Ya ƙara wuta. Ƙura ta tashi. Jigida na amsawa a ƙarƙashin zane. Sai ta ji wani sanyi na gangarowa tsakanin kafaɗunta, ta tuna abin da Baba yake faɗa wa yaran mabuga kullum, cewa kowa ya goge hannunsa kafin ya taɓa kayan mutane.*

Ka lura ban faɗi cewa tana jin tsoro ba, gumin ya faɗa. Ban kuma tsaya na yi wa mai karatu lacca kan yadda ake rini ba. Duk binciken mataki na biyu, layi biyu kawai ya fito a nan, sauran yana ƙasa yana riƙe da labarin kamar harsashin gini. Wannan yana da ciwo, na sani. Ka sha wahalar gano sunayen kitso goma sha biyu, ranka na so ka zuba su duka. Ka zuba ɗaya.

Waƙar da za a yi a filin, ka ƙirƙiri taka a kan salon gaɗa, mai bayarwa da 'yan amshi. Kada ka ɗauki waƙar wani mawaƙi sananne ka sa a bakin mutanen da suka rigaye shi, masu karatu za su kama ka nan take. Layi biyu sun isa, kuma ya fi daɗi in habaici ne, kamar a ce 'yan matan su ɗauko, "Baƙin zane na Kura, wa ya ba ki aro?"

Liƙi kuma, ka tuna ba a manna wuri a goshi. Sai dai a zuba wa makaɗi a faifai ko a ƙwarya. Saurayin da ya fito da anini sabo fil ya ɗora wa budurwa a goshi a wannan shekarar, ya gaya wa kowa cewa ya je birni ya sayar da gyaɗa.

7. Ka tace harshe, lokaci da awo

Bayan ka gama zubin farko, ka bi shi da jan biro kana farautar abu uku. Agogo: babu "ƙarfe takwas" babu "minti biyar". Akwai asuba, hantsi, azahar, la'asar, almuru, lisha, da fitowar wata. Awo: ba yadi ba mita, sai kamu da taki. Kuɗi: wuri ɗari, zambar goma, keso ɗaya wanda shi ne wuri dubu 20.

Sai gaisuwa da kira. 'Ya ba ta kiran sunan mahaifinta, mata ba ta kiran sunan mijinta, uwa kan ɓoye sunan ɗan fari. Talaka a gaban hakimi ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa, "ranka ya daɗe" na bin kowace magana. Amma kada ka cika baki da tsofaffin kalmomi har mai karatu ya rasa gane zancen. In ka kawo kalmar da ta ɓace, ka sa ta inda aikin da ake yi da ita zai bayyana ma'anarta.

8. Mutanen gaske da al'amarin bori

Sarakuna da malaman da suka rayu suna da jikoki a raye. Ka bar su a nesa: a ji tambarinsu, a ga dogarinsu, a ambaci hukuncin da tarihi ya tabbatar sun yi. Kada ka ƙirƙiri magana ka sa musu a baki, balle abin kunya. In labarin na buƙatar mugun basarake, ka ƙagi ƙauye ka ƙagi dagacinsa.

Bori kuwa yana jan marubuta saboda a cikinsa rawa da sutura a haɗe suke, kowane iska da kayansa: Ɗan Galadima da rigunan 'ya'yan sarauta, Malam Alhaji da fararen kaya da tarinsa na tsufa. In za ka shiga nan, ka rubuta abin da mutanen labarin suka gani suka kuma yi imani da shi, ka bar malamin unguwa ya yi nasa faɗan a cikin labarin, domin tun bayan jihadin 1804 wannan ja-in-jar tana nan. Kai marubuci kada ka hau mumbari, kada kuma ka zama maroƙin 'yan bori.

9. Ka karanta da ƙarfi kafin ka saki

Ka koma wurin tsohuwar da ka yi hira da ita ka karanta mata babin rawar. Ka sa ido a fuskarta. Inda ta gyaɗa kai, ka bari. Inda ta ce "a'a, ba haka ake ɗaura shi ba", ka ba ta zane ta gwada maka, ka gyara a wurin. Sannan ka ba wani matashi da bai san komai game da rini ba, ka tambaye shi inda ya fara gajiya, ka rage nan.

In a WhatsApp ko Wattpad za ka riƙa saki babi-babi, kada ka fara sai ka kammala aƙalla rabin littafin, domin gyaran da za a yi maka a babi na tara yakan taɓa babi na biyu, shi kuwa ya riga ya shiga wayoyin mutane. A ƙarshen littafin ka ware shafi ɗaya ka faɗi abin da tarihi ne da abin da ka ƙaga, ka kwafo kai tsaye daga littattafanka biyu na farko. A nawa na rubuta cewa Kura da turkuɗinta da zuwan jirgin ƙasa gaskiya ne, Tanko da Delu da fatken Agadas kuwa ni na haife su.